Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Gane Tsofaffin Kyamarori Masu Ma'aunin Nisa da Yadda Ake Yi Musu Kuɗi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato tsofaffin kyamarorin fim da ake tsinta a akwatunan iyaye da kakanni ko a hannun dillalai, musamman irin waɗanda ake saita nisansu ta hanyar haɗa hoto biyu su koma ɗaya a cikin tagar leƙe. A kasuwannin intanet da sunan rangefinder ake nemansu, mu kuwa a nan za mu kira su masu ma'aunin nisa. Mun zaɓi wasiƙu shida, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, kuma a cikin kayan da ya bari akwai kyamarar da ya sayo a Jidda lokacin da ya je aikin Hajji a shekarun 1970, an rubuta Yashica Electro 35 GSN a jikinta. Wani ya ce mana tsofaffin kyamarori sun yi tsada a Turai, saboda haka 'yan'uwana suka ce kada a raba gado sai an san kuɗinta. Yaya za mu gane ko tana cikin masu daraja, kuma nawa za a yi mata?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. 'Yan'uwanka sun yi daidai da suka ce a san ƙimarta kafin rabo, amma kafin a kai ga maganar kuɗi, kada kowa ya buɗe bayanta tukuna. A samanta ta hagu akwai wani maɓalli mai ɗan hannu da ake naɗe fim da shi. Ka buɗe ɗan hannun kawai, ka juya shi a hankali ta inda kibiya ta nuna, amma kada ka ja maɓallin sama, domin jansa sama shi ne yake buɗe bayan kyamarar. Idan ya yi ta juyawa sakwa-sakwa, babu komai a ciki. Idan kuwa ka ji ya ɗaure yana turjewa, to akwai fim, kuma mai yiwuwa hotunan da marigayi ya ɗauka ne bai kai wanki ba. A irin wannan hali sai ka danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ka naɗe fim ɗin har ka ji ya saki, sannan ka buɗe ka kai wa mai wanke fim. Fim da ya shekara arba'in a cikin zafinmu launinsa ya riga ya gurɓata, amma sau da yawa fuskoki suna fitowa.

Kyamararku tana cikin masu ma'aunin nisa, kuma kai da kanka za ka iya tabbatar da haka. Ka leƙa ta tagar baya, za ka ga wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiya. Ka auna shi a kan wani abu mai miƙaƙƙen gefe, kamar bakin ƙofa, za ka ga gefen ya rabu biyu a cikin tabon, kuma yayin da kake juya zoben nisa da ke jikin lensi, wato gilashin gaba, sassan biyu za su riƙa matsowa har su haɗu. Inda suka haɗu, nan ne hoton zai fito tar. Dalili shi ne kyamarar tana kallon abin ta taga biyu da ke nesa da juna, ɗaya kai tsaye, ɗayar kuma ta madubi mai motsi wanda ke haɗe da lensin, don haka kusurwar da madubin ya karkata ita ce ke nuna nisa. Idan ka toshe ƙaramar tagar gaba da yatsa, hoto na biyun zai ɓace. Sannan ka gwada ta a kan abu mai nisa ƙwarai, kamar hasumiyar masallaci da ke can ƙarshen unguwa ko kuma wata da dare: idan ka kai zoben ƙarshensa hotunan biyu ba su haɗu ba, ma'aunin ya goce, yana bukatar saiti.

Kamfanin Yashica na Japan ya fara fitar da Electro 35 a 1966, samfurin GSN kuma ya biyo baya a 1973. Lensinta mai milimita 45 da ƙofar haske f/1.7 yana da kyau ƙwarai, har yau masu hoto suna yaba shi, amma an ƙera wannan jerin da miliyoyi, kuma abin da aka yi da miliyoyi ba ya tsada don kawai ya tsufa. Bugu da ƙari, lantarki ne ke sarrafa marufin haskenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim, saboda haka idan babu batir gudu ɗaya kawai take bugawa, kashi 1 cikin 500 na sakan. Batirin da aka yi ta dominsa mai zaiba ne na bolt 5.6, an daina yinsa, amma tana karɓar na bolt 6 idan aka sa masa ɗan abin cike gurbi. Ka buɗe ramin batir da ke ƙasa ka duba, domin idan marigayi ya bar tsohon batir a ciki ya fashe, koren tsatsa yakan bi waya ya cinye ta. Akwai kuma wata cuta da aka san wannan samfurin da ita: wani ɗan guntun roba a ciki yakan ruɓe. Mai lafiya, da zarar ka fara jan hannun tura fim, za ka ji wani ƙwas mai nauyi. Idan shiru ka ji, robar ta mutu, kuma sai an kwance kyamarar kafin a canza ta.

Dangane da kuɗi, wadda ba a tabbatar tana aiki ba daloli 'yan gommai ake sayenta a kasuwannin Turai da Amurka, wadda aka gyara aka gwada da fim kuwa takan kai wajen dala 100 ko ta ɗan haura. A gida Najeriya masu nema ba su da yawa, tayin da za ku samu zai gaza haka. Shawarata ita ce ku yi mata ƙima a kan wannan ma'auni a gaban magada, a rubuta, sannan wanda yake son ta a cikinku ya ɗauka a cikin rabonsa, domin kuɗin aika ta waje kaɗai zai iya cinye rabin abin da za a samu.

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna

Wani dillali ya kawo mini kyamara mai ruwan zinariya, an zana Leica da Ernst Leitz Wetzlar a samanta, da hoton gaggafa da kalmar Luftwaffe. Ya ce ta wani hafsan sojan saman Jamus ce a Yaƙin Duniya na Biyu, har ya nuna mini a waya labarin wata Leica da aka sayar miliyoyin Yuro. Ya ba ni kwana uku in yanke shawara. In saya?

Amsa

Malam, riƙe kuɗinka. Labarin da ya nuna maka gaskiya ne, amma bai shafi abin da ke hannunsa ba. A watan Yunin 2022, a garin Wetzlar na Jamus, gidan gwanjo na Leitz Photographica Auction ya sayar da wata Leica mai lamba 105 a kan Yuro miliyan 14.4. Tana cikin 'yan ƙalilan, kimanin 25, da aka yi na gwaji a 1923, shekara biyu kafin a fito da Leica kasuwa a 1925, kuma mallakar Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙirƙiro kyamarar. Ba ta da ruwan zinariya, ba ta ma da ma'aunin nisa, domin sai a 1932 aka fara gina shi a jikin Leica II.

Siffar da ka bayyana kuwa ita ce siffar jabun da ya fi kowane yawa a wannan fanni, kuma yana da tarihi. A 1934 aka fara ƙera kwafin Leica II a birnin Kharkiv na Yukren, a wata cibiyar renon yara marasa galihu da aka sa wa sunan Felix Dzerzhinsky, daga haruffan sunansa ne kyamarar ta samu sunanta FED. Bayan yaƙi, a 1948, masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara yin irinta da sunan Zorki. Waɗannan ba jabu ba ne, kyamarori ne masu sunan kansu, kuma an yi su da yawan gaske. Daga baya ne, musamman bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, wasu masu sana'ar hannu suka riƙa sayen su da araha, suna kankare farin rufin da sunan asali, suna goge tagullar da ke ƙasa har ta yi ƙyalli, sannan su zana Leica da gaggafa da kalmomi irin su Luftwaffe ko Kriegsmarine, wato sojan sama ko na ruwa na Jamus, ko gasar Olamfik ta Balin ta 1936. Zinariyar da kake gani, a mafi yawan lokuta, tagulla ce gogaggiya.

Ga abin da za ka yi a gaban dillalin. Ka murɗe lensin ka cire shi, ka leƙa cikin bakin kyamarar ta sama, za ka ga wani ɗan hannu da bayan lensi ke turawa don motsa ma'aunin nisa. A Leica ta asali ƙarshen hannun nan ɗan gargare ne zagayayye mai juyawa, a FED da Zorki kuwa ɗan ƙarfe ne mai tsini ko mai kusurwa wanda ba ya juyawa, kuma da wuya masu jabu su wahalar da kansu wajen canza shi. Sannan ka dubi maɓallin bugawa: a mafi yawan na Sobiyet akwai rami mai zare a tsakiyarsa, na Leica kuwa samansa a shafe yake. Ka dubi gaban kyamarar kusa da lensi ko akwai wani ƙaramin faifai na gudu mai jinkiri, domin waɗanda sojan saman Jamus suka karɓa galibi samfurin IIIb da IIIc ne masu wannan faifai, farare ko masu fenti toka-toka, da ɗan rubutu mai nuna mallakar rundunar, ba tare da wani ado ba. Soja mai ɓuya daga abokan gaba ba ya rataya abu mai walƙiya a ƙirji. Lensin ma, ko da an rubuta masa Elmar, sunan lensin Leica, idan ka ga gilashinsa yana ɗaukar ruwan shuɗi ko shunayya a haske, akwai alamar Industar ne na Sobiyet, ko da yake wannan shaida ce mai rauni, tun da an shafa wa wasu Elmar na asali irin wannan rufi daga baya.

Gaskiya ne kamfanin Leitz, mai ƙera Leica, ya taɓa yin Leica mai ruwan zinariya da fatar ƙadangare, wadda ake kira Luxus, kimanin 95 tsakanin 1929 da 1931, amma lambobinsu sanannu ne. Leitz ya adana rajistar lambobin kyamarorinsa, an kuma buga jadawalinsu, ta yadda kowace lamba tana nuna samfuri da shekara. Idan lambar da ke saman wannan ta faɗa a samfurin da bai yi kama da ita ba, magana ta ƙare. Dillalin ma mai yiwuwa shi aka fara cuta, don haka ba sai an yi rigima ba. Idan ka ga tana burge ka a matsayin kayan ado, ka taya ta kuɗin tsohuwar Zorki, ka kuma sani cewa wasu kasuwannin intanet ba sa yarda a tallata kaya mai alamar 'yan Nazi, saboda haka sake sayar da ita zai yi wuya.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya

Kawuna ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet, ya dawo da kyamara mai rubutun Rashanci, an ce mini Zorki 4 ce. Lambarta ta fara da 68. Na juya faifan gudu na sama don in gwada, sai ya maƙale, yanzu ba ya gaba ba ya baya. Na lalata ta ke nan?

Amsa

Da sauran dama, ɗan'uwa, muddin ba ka matsa masa da ƙarfi ba. Ƙa'idar Zorki da FED ita ce a fara ɗana kyamarar, wato a murɗa maɓallin tura fim har ya tsaya, kafin a ɗaga faifan gudu a canza shi. Idan aka canza kafin a ɗana, wani ɗan fil da ke ƙasan faifan yakan faɗa inda bai kamata ba, ya cije da na'urar gudu mai jinkiri. Ka gwada murɗa maɓallin tura fim a hankali. Idan ya ƙi, ka bar ta haka ka nemi wanda ya saba gyaran kyamarar fim. Kada ka ɗiga mata man keken ɗinki ko kananzir, domin mai yakan bi ya jiƙa labulen ciki, wato marufin haskenta, ya hau gilashi.

Lambobi biyu na farko a kayan masana'antar KMZ suna nuna shekara, don haka taka ta 1968 ce, kuma lensinta ma yana da tasa lambar mai bin wannan tsari. FED dai ba ta bin sa, kada wani ya yi mata wannan lissafi. An yi Zorki 4 daga 1956 zuwa 1973, fiye da miliyan 1.7, shi ya sa kuɗinta bai taka kara ya karya ba, daloli gommai ne. Na farko-farko masu sassaƙaƙƙen rubutu da kunnuwan rataya igiya sun ɗan fi na baya masu bugaggen rubutu da ke gogewa. Abin da ya fi ɗaga darajarta shi ne lensi: idan Jupiter-8 ne mai f/2, wanda aka kwaikwayo daga Sonnar na kamfanin Zeiss, ya fi Industar-50 mai f/3.5 kasuwa, har wasu saboda shi kaɗai suke sayen kyamarar.

Bayan an gyara, ka duba labulenta, domin na ƙyalle ne mai rufin roba. Ka cire baya da lensi, ka shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocila ta gaba kana kallo ta baya, sau ɗaya kafin ka ɗana, sau ɗaya bayan ka ɗana, tun da labulen biyu ne. Duk ɗigon haske da ka gani huda ce da za ta ɓata kowane hoto. A ƙasarmu rana ce ke yawan jawo wannan: irin waɗannan kyamarori ba su da madubi tsakanin lensi da labule, don haka idan aka ajiye ta tana kallon rana babu murfi, lensin yakan tattara hasken ya ƙona ƙyallen cikin ɗan lokaci.

Tambaya daga wata mai karatu a Damagaram

Ina da Olympus Trip 35 ta mahaifiyata. Wani ya ce tana cikin masu ma'aunin nisa, amma na leƙa ban ga hoto biyu ba. Ta lalace ne?

Amsa

Lafiyarta ƙalau ta wannan fuska, Malama, ba ta da ma'aunin nisa tun asali, ko da yake masu talla da yawa suna sa ta a wannan rukuni saboda kamannin jiki. Ki dubi zoben lensinta za ki ga zane huɗu: mutum ɗaya, mutum biyu, taron mutane, da dutse. Mai ɗauka ne yake kintatar nisa ya zaɓi wanda ya dace. Haka Rollei 35 ta 1966 take, ita ma kintace ake yi. An yi Trip 35 daga 1967 zuwa 1984 da miliyoyi, ba ta amfani da batir, zoben nan mai ƙyalli da ya kewaye lensi shi ne ke karɓar haske ya sarrafa ta, kuma lafiyarsa ita ce rabin kuɗinta. Ki sa zoben ƙofar haske a kan harafin A, ki ɗana, ki rufe gaban da tafin hannu, ki danna: idan wata 'yar jar alama ta taso a cikin taga kuma maɓallin ya ƙi bugawa, yana aiki. Ki riƙa ajiye ta da murfi, domin haske na kullum yana gajiyar da shi.

Tambaya daga wani mai karatu a Zangon Kumasi

Kakana ya yi aiki da wani Bature a kamfanin ciniki, da zai koma gida ya bar masa kyamara. An rubuta Leica M3, lambarta shida ce ta fara da 8, sai an ja hannun sau biyu take ɗanawa, lensin kuma Summicron ne. Fatar jikinta tana ɓarewa, a cikin gilashin akwai wasu fararen zarurruka. Na ji baƙaƙe sun fi tsada, shin in goge ta in sa a yi mata baƙin fenti kafin in sayar?

Amsa

Alhaji, don Allah kada ka bari fenti ko man goge ƙarfe ya kusance ta. A cikin wasiƙun wannan karon, taka ce kaɗai ke da alamar kaya mai nauyi, kuma bayananka sun dace da juna. An fito da M3 a 1954, lambobinta suka fara daga 700,000, suka kai 1,000,000 a 1960, na farko-farko kuma ja biyu ake yi musu har zuwa wajen 1958 da aka koma ja ɗaya. Lamba mai farawa da 8 tare da ja biyu tana nuna tsakiyar shekarun 1950. Don ƙarin tabbaci, ka ga taga uku a gaba masu tasasshen baki, ta tsakiya mai dishi-dishi, da ma'aunin adadin hotuna a ƙarƙashin wani ɗan gilashi kusa da hannun ja. Lensinta ba murɗawa ake yi ba, danna maɓalli ake yi a juya kaɗan ya fita. Idan ka cire shi, ka dubi kan kusar da ke can saman zoben: idan akwai ɗan baƙin kaki mai harafin L, alama ce cewa ba wanda ya buɗe ta in ban da kamfanin, kuma masu tara kyamarori suna son ganin wannan.

Baƙaƙen M3 suna tsada ne saboda waɗanda masana'antar ta yi wa baƙin fenti ba su kai 2,000 ba a cikin fiye da 200,000, kuma an san jerin lambobinsu. Wadda aka yi wa fenti daga baya, mai saye zai duba lamba ya gane nan take, sai ta rasa darajar fara, ba ta kuma samu ta baƙa ba. Haka gogewa: ƙananan ƙuje-ƙujen shekaru ba sa rage kuɗi kamar yadda gogaggen ƙarfe ke ragewa. Fatar da ke ɓarewa wata irin roba ce mai tauri da ke bushewa ta farfashe, ana iya sake ta, amma ka bar wa mai saye ya yanke wannan, ka tattara gutsattsarin ka ajiye.

Fararen zarurrukan nan fumfuna ce, laimar yankinku ce ta haifar da ita, musamman idan kyamarar ta daɗe a cikin jakarta ta fata a ƙasan akwati. Ka fitar da ita daga jakar yau, ka raba lensin da sauran kaya, ka sa su a mazubi mai rufuwa ruf tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani. Laimar da ake so ita ce kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Fumfunar da ba ta daɗe ba ƙwararre yana iya wanke ta, wadda ta daɗe kuwa takan ci fuskar gilashin ta bar tabon da ba ya fita. Kada ka shafa gaban lensin da gefen riga, domin gilashin gaba na tsofaffin Summicron, musamman mai shigewa ciki, yana da laushi, kuma kowane ƙarce yana rage kuɗi. Ga masu karatu na Arewa, tasu matsalar ƙurar hunturu ce: a fara hure ta da abin hura iska kafin ƙyalle ya taɓa gilashi. Ka kuma leƙa tagar M3 ɗin da kyau, domin idan gefenta ya fara yin duhu ko ruwan zinariya, ƙaron da ya manne gilasan ciki ne yake saki, kuma gyaransa yana cikin mafi tsada.

Wajen sa farashi, kada ka dubi abin da masu talla suke nema, ka dubi abin da aka biya. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin da ake tace kayan da aka riga aka sayar, gidajen gwanjo kuma suna buga sakamakonsu, sai dai adadin da suke bugawa yakan haɗa da la'adar da mai saye ya biya, wadda ba ta shiga aljihun mai kaya. Ka nemo cinikai na 'yan watannin nan na M3 fara mai ja biyu wadda ba a yi wa sabis ba, ka ɗauki na tsakiya, ka yi wa jiki nasa lissafi, lensi nasa. M3 mai lafiya, jiki kaɗai, tana haura dala 1,000, Summicron mai tsabta yana da nasa ɗaruruwan, amma sabis na ƙwararre a waje shi ma ɗaruruwan daloli ne, kuma mai saye zai cire wannan daga tayinsa, haka nan zai rage saboda fumfuna. Daga abin da ya saura sai ka cire la'ada da kuɗin aikawa da inshora. Idan akwai kwalinta na asali, ko murfin lensi, ko takardar saye, ko wasiƙar da Baturen ya rubuta wa kakanka, ka haɗa su, domin suna ƙara kuɗi suna kuma kwantar da hankalin mai saye. Ka ɗauki hotunanta ta kowane gefe a hasken rana, har da aibobin, ka aika wa dillalai ko gidajen gwanjo fiye da ɗaya, kuma kada ka sallama a tayin farko.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos

Na sayi Canonet QL17 G-III a wajen masu kayan gwanjo don in koyi ɗaukar hoto da fim. Na sa mata batir irin na agogo, tana aiki, amma hotunan suna fitowa da duhu. Mene ne matsalar?

Amsa

Ka yi sayayya mai kyau, Malam. Canon ya yi wannan samfurin daga 1972 zuwa 1982, kimanin miliyan 1.2, da lensi mai milimita 40 da f/1.7, kuma a ganina babu wadda ta fi ta dacewa da mai koyo a cikin masu araha. Baƙarta ta fi farar kuɗi saboda ba ta kai ta yawa ba. Matsalarka daga batir take. An yi ma'aunin haskenta don batir mai zaiba na bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa, kai kuwa ka sa mata na bolt 1.5, sai ma'aunin yake ganin haske ya fi yadda yake, yana tsuke ƙofa fiye da kima. Mafita mai sauƙi ita ce batirin na'urar ƙara ji mai lamba 675, wanda ƙarfinsa ya kusa da na asali, sai a kewaye shi da ɗan zoben roba don ya zauna daram, ko da yake ba ya daɗewa bayan an ɓare takardar bayansa. Ka kuma duba baƙin soson da ke gefen murfin baya, domin idan ya narke ya zama danƙo haske zai riƙa shiga, ana samun sabo a yanka a manna. Idan batirin ya gagara samuwa a Jos, ka kawar da zoben ƙofar haske daga kan A, ka zaɓi gudu da ƙofar haske da hannunka, ka auna hasken da manhajar waya, domin marufin haskenta na sifirin ne, yana bugawa a kowane gudu ba tare da batir ba.